Re: Shin kuɗin zama memba a League of American Orchestras yana da amfani ga ƙaramar okestira?

Malama, na ga tambayarki, kin ce an saka ki a kwamitin amintattu na wata ƙaramar okestira, wato tawagar makaɗa masu yawa da ke kiɗa tare, a garinku can Amurka kuma ana ta ja-in-ja kan ko a ci gaba da biyan kuɗin memba na League, wato ƙungiyar da ta haɗa okestirorin Amurka, ko a tura kuɗin wajen albashin makaɗa. To ni dai na daɗe ina aiki a ofishin wata okestira mai matsakaicin girma, ɓangaren shirya tafiye-tafiye da kwantiragin baƙin makaɗa, kuma amsata ita ce ku biya, amma fa sai in akwai mutum ɗaya a cikinku da zai ɗauki nauyin amfani da abin, in ba haka ba gara ku riƙe kuɗinku.

Da farko ki sani League ba ta raba kuɗin gudanarwa, wannan shi ne inda mutane da yawa ke ruɗewa. Tana da wasu ƴan tallafi na musamman jefi-jefi amma ba za ta cike muku giɓin kasafi ba, haka kuma in rigima ta tashi tsakaninku da makaɗa kan albashi ba ita za ta shiga ba, makaɗa suna da tasu ƙungiyar ƙwadago wato AFM. Ita League tun 1942 aka kafa ta, majalisar dokokin Amurka ta ba ta takardar amincewa a 1962, sai a 2007 ta koma wannan sunan na yanzu, kuma aikinta kamun ƙafa a Washington da horas da ma'aikata da haɗa masu aiki iri ɗaya su riƙa jin ta bakin juna.

Kamun ƙafar nan ba a ganinsa sai ranar da abu ya ritsa da kai. Misali maganar shiga jirgi da kayan kiɗa, da can ya danganta da ra'ayin ma'aikacin da ke bakin ƙofa ne, yau ya bar ka ka shiga da gogenka gobe wani ya ce sai dai a jefa shi cikin kaya a ƙasa, gogen da wani ya fi motar mai shi tsada. League da AFM da wasu suka yi ta bin majalisa har aka saka sashe a dokar sufurin jiragen sama ta 2012, dokar ta fara aiki a Maris ɗin 2015, cewa dole kamfanin jirgi ya bar ƙaramin kayan kiɗa ya shiga ciki in dai akwai wuri lokacin da mai shi ya hau, babba kuma irin chelo, wato babban goge, a saya masa kujera. Mu har buga shafin dokar muke yi mu ba kowane makaɗi ya saka a akwatin gogensa, saboda har yanzu ana samun ma'aikatan da ba su san da ita ba.

Wanda ya fi ba mu ciwon kai shi ne hauren giwa. Tsofaffin sandunan da ake goga goge da su da yawa akwai ɗan ƙaramin haure a bakinsu wanda bai kai farce ba, to a 2014 da gwamnatin Amurka ta tsaurara dokar haure sai ga shi an riƙe sanduna bakwai na makaɗan Budapest Festival Orchestra a filin jirgin JFK na New York. Wallahi lokacin duk wanda ke shirya tafiyar makaɗa bai yi barci mai daɗi ba. Ba wanda ya ce kar a kare giwaye, amma sandar da aka ƙera shekara tamanin da suka wuce me ya haɗa ta da mafarautan yau? Sai da aka zauna da hukumar kula da namun daji ta ƙasar, a dokar ƙarshe ta 2016 aka sassauta wa kayan da haurensu tsoho ne kuma bai kai giram 200 ba. Irin wannan aka sake yi kan katakon rosewood da ake ƙera kayan kiɗa da shi a taron CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, na Janiba a 2019, sannan kan icen pernambuco na Burazil wanda da shi ake yin sandunan masu kyau, a taron Panama na 2022. Okestira ɗaya tilo ba ta da lauyan da za ta tura irin waɗannan wurare, ko manyan ma ba duka ba.

Amma gaskiya wani a kwamitinku zai iya cewa ai wannan ko mun biya ko ba mu biya ba za mu ci moriyarsa, kuma mu ko jiha ba ma tsallakewa balle ƙasa. Yana da gaskiyarsa. Shi ya sa ni in zan kare kuɗin a gaban kwamiti ba da wannan zan fara ba, da maganar takwarori zan fara. League tana kasa membobinta rukuni-rukuni gwargwadon girman kasafinsu, kuɗin memban ma da haka ake lissafa shi, don haka ba abin da New York Philharmonic ke biya za ku biya ba, kuma mutanen da za a haɗa manajanku da su masu irin matsalarku ne sak, zauren da kuke haya ya ƙara kuɗi, masu sayen tikitin shekara suna tsufa, madugun kiɗa zai yi ritaya ba ku san yadda ake neman sabo ba. Ka jefa tambaya da safe kafin la'asar mutum uku sun turo maka samfurin kwantiraginsu. Lokacin korona wannan ne ya riƙe mu, da aka fito da tallafin wuraren wasanni da aka rufe na dala biliyan 16 takardun cikewar sun yi yawa kuma shafin intanet na neman tallafin ma ya tsaya cak ranar farko, a tarukan intanet na League muka riƙa gane wace takarda ake nufi da me.

Sai alƙaluma. In kun cike rahoton shekara da League ke nema za ku iya gwada kanku da masu girmanku, nawa suke samu daga tikiti nawa daga masu ba da gudummawa. Wannan yana kashe gardama a kwamiti sosai, don kullum akwai wani ɗan kasuwa da zai ce me ya sa tikiti ba ya biyan komai, alhali a Amurka tikiti ko rabin kuɗin okestira ba ya kawowa, hatta Philadelphia Orchestra da duk sunanta sai da ta shiga kotun fatarar kuɗi a 2011.

Horaswa kam akwai kwas ɗin League mai suna Essentials of Orchestra Management, yana da kyau ga matashin da zai daɗe a harkar. Babban taron shekara kuma ni ban cika matsa wa ƙananan okestira su je kowace shekara ba, kuɗin jirgi da otal ya yi yawa, kuma wani lokaci jawaban na manya ne masu ma'aikata ɗari. Ku tura mutum ɗaya bayan shekara biyu ko uku, ku nemi rangwame tun da wuri, in ya dawo ya zauna ya yi wa kwamiti bayani a rubuce. Ki kuma bincika ko jiharku tana da tata ƙungiyar, Kalifoniya da Texas duk suna da su, sau da yawa sun fi araha kuma taronsu da mota ake zuwa.

Kafin zamanku na gaba ki tambayi manajan wa ke riƙe da lambar shiga shafin membobi, kuma yaushe aka buɗe shi na ƙarshe. In ya fara kame-kame to ki nemi a ba ki ita, ki gwada na shekara ɗaya sannan ku yanke hukunci.