Kibod na farko: wane iri ya dace?

Malam, ka ce kana Gusau, kana son sayen kibod mai makanikal (wanda kowane maɓalli ke da nasa suwic, wato ɗan makunnin da ke ƙarƙashinsa) karo na farko, kuma da dare kake aiki. To, da launi ake bambanta irin suwic. Ka guji suwic shuɗi, ƙararsa za ta hana iyalinka barci. Ja ya fi laushi. Ruwan ƙasa kuwa yana ɗan tokarar yatsa kafin harafi ya fita, ni shi na fi so wajen rubutu.

Amma babban abu, nemi kibod ɗin da ake zare suwic ɗinsa ba sai an narka dalma ba. Ƙurar hunturu takan shiga ciki, harafi ya riƙa fita sau biyu. Sai ka zare suwic ɗin wannan harafi ɗaya ka canja. Kamfanonin Keychron da Redragon suna da irin wannan kibod. Murafun maɓallai kuwa, na robar da ake kira PBT ba sa saurin sulɓi da gumi kamar na robar ABS.