An rufe shafin, ko hotunan na nan a kwamfutata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗinki ce a Agege. Akwai shafin da nake duba samfurin aikin wuyan riga a kwamfutar shago. Jiya na tarar an rufe shi, ga wata amarya ta riga ta zaɓi ɗaya, biki saura sati biyu. Ɗana ya ce wai hotunan na iya kasancewa a cikin kwamfutar. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaronki ya yi gaskiya. Hoton da kika buɗe, burauza, wato manhajar da kike shiga intanet da ita, takan ajiye kwafinsa a wani ɗan rumbu da ake kira kesh, don kada ta sake cin data in kin koma. Sai dai ajiyar wucin gadi ce, sabo na shiga tsoho na fita. Don Allah daga yanzu kada a sake hawa intanet da kwamfutar, kada kuma kowa ya goge tarihin bincike. Nan ne mutane suka fi yin asara.

In Chrome ce a Windows, ki rufe ta, ki danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta %LocalAppData%\Google\Chrome\User Data\Default\Cache. A ciki akwai Cache_Data, cike da fayiloli masu suna irin f_00001a, ba alamar hoto ko ɗaya. Kada ranki ya ɓaci. Ki fara kwashe su duka zuwa filas, sannan ki ɗauki masu ɗan nauyi ki ƙara .jpg a ƙarshen sunan, ki gwada buɗewa. Wanda ya ƙi, ki gwada .webp ko .png.

Aikin na da cin rai. Ni na fi son manhajar ChromeCacheView ta NirSoft, kyauta ce, tana nuna daga shafin da kowane fayil ya fito, sai ki zaɓi naki ki kwafe. Amma yaron ya sauko da ita a wata na'urar ya kawo a filas. In Firefox ce, MZCacheView ke wannan aiki.

In abin ya gagara, kasuwar kwamfutoci ta Computer Village na nan Ikeja kusa da ku. Ki tafi da kanki, ki faɗa wa mai gyaran da bakinki cewa kada ya yi wa kwamfutar fomat, wato ya goge komai da ke cikinta, kesh kawai kike nema. Kafin ki hau mota kuma, a saka adireshin shafin a archive.org ta waya, masu ajiye kwafin shafukan intanet ne, wataƙila sun taɓa adana shi. Allah ya sa a dace, ya kai mu bikin lafiya.