Sun Taɓa Kama Ni: Ofishin Jakadanci Zai Sani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Barista. Na gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya ba ni gurbin ƙaro karatu a Amurka. Bara rigimar fili ta kaure a layinmu, 'yan sanda suka kwashe mu mu shida. Na kwana ɗaya a caji ofis, suka karɓe wayata suka yi ta bincike, washegari kawuna ya yi belina. Ba a kai mu kotu ba. Yanzu ana ce mini 'yan sanda na tura sunan duk wanda suka taɓa kamawa ofisoshin jakadanci. Haka ne? Ko in ɓoye zancen a fom ɗin biza?
Daga wani ɗalibi, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka a karatun.

Zancen tura sunaye, zancen majalisar mai shayi ne. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa: gidansa, wasiƙunsa, hirarsa ta waya. A Yunin 2023 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ɗaure hannun duk hukumar da ke riƙe da bayananka, musamman wajen fitar da su ƙasar waje. Sai dai kada ka yi saurin murna. Dokar ta sassauta wa jami'an tsaro in suna binciken laifi, kuma akwai hanyar Interpol, ƙungiyar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, ga wanda ake nema ruwa a jallo. Kai da aka sake ka ba tuhuma, me ya haɗa ka da wannan layin?

Su ma 'yan sanda ba sa shiga harkar ofishin jakadanci yadda suka ga dama. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta ce ba mai taka harabarsa sai da izinin jakada. Julian Assange, wanda ya kafa shafin fallasa na WikiLeaks, ya zauna ofishin jakadancin Ekwado a Landan daga 2012 zuwa 2019, 'yan sandan Ingila sun yi shekaru suna gadin ƙofa, ba su shiga ba sai ran da masu gida suka ce bismillah.

Inda gizo ke saƙa shi ne fom ɗin neman bizar Amurka, wato DS-160. Ba cewa ya yi "an taɓa ɗaure ka?" kawai ba, ya tambaya ko an taɓa kama ka. An kama ka kuwa. Ka amsa "e", ka rubuta layi biyu: rigimar unguwa, kwana ɗaya, ba tuhuma. Kwanan sel ɗaya ba lallai ya hana biza ba, amma ƙarya a fom na iya rufe maka ƙofar Amurka har abada. Kuma tun 2019 jami'an bizar Amurka suna neman sunayen shafukanka na sada zumunta na shekara 5. In wani abokinka ya rubuta maka "barka da fitowa" a Facebook, ka ga kai ka kai musu labarin da hannunka, ba ɗan sanda ba.

Batun wayar nan ya ci mini tuwo a ƙwarya. Bincike ya halatta ga abin da ya shafi laifin da ake zargi, ba hotunan iyali da saƙonnin da ba ruwansu da fili ba. Ka kawo mini wannan daban.

Yanzu dai ka ɗauki kawun naka ku koma caji ofis, ku nemi takardar da ke nuna an rufe maganar ba tuhuma. Ka kuma nemi takardar shaidar ɗa'a ta 'yan sanda ta shafinsu na intanet mai suna POSSAP. Ka sa su cikin jakarka ranar ganawa a Abuja.