Tambayi Likita: Idan ƙwallon sunuka ya fara yi maka dishi-dishi

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan makon, kuma duk daga wajen teburin sunuka suka fito. Ban yi mamaki ba. Mutum zai iya shekara biyu idonsa na raguwa bai lura ba, yana tuƙa babur ɗinsa, yana cinikinsa a kasuwa. Amma ranar da ya sunkuya zai saita ƙwallo ya ga gefensa ya narke, a ranar yake fara tambaya.

Tambaya: Likita, shekaruna 47, ina zaune a Ƙofar Ƙaura. Tun ina saurayi nake buga sunuka. Yanzu in na kalli farin ƙwallo na ɗaga ido zuwa wanda zan buga, sai ido ya ɗauki lokaci kafin ya washe. Na sayi gilashin karatu a kasuwa, amma a kan tebur ƙara ɓata mini gani yake.

Amsa: Malam, abin da kake ji yana samun kusan kowa daga shekara 40 zuwa 45. A cikin ido, bayan baƙin nan, akwai wani ɗan madubi mai laushi wanda ke kumbura in za ka kalli abu na kusa, ya saki in za ka hangi nesa. Da shekaru yake taurara. A sunuka kuwa ido ba ya hutawa: bakin sanda, farin ƙwallo, ƙwallon da ake hari, rami, sannan a sake dawowa, duk kafin bugu ɗaya.

Gilashin da ka saya ba don wannan aiki aka yi shi ba. Wanda aka rubuta wa +2.50 yana gyara abin da ke nisan kamar santimita 40, wato nisan littafi ko waya a hannu. Ƙwallon da kake hari yana iya kai mita biyu. Shi ya sa kake ganin hazo. Ka je a yi maka awo na gaske, ka kuma faɗa wa mai awon cewa kana buga sunuka, kada ka ji nauyi. Ana iya yanka maka gilashi na matsakaicin nisa, kuma sau da yawa awon yana tono wata 'yar matsala da ido ya daɗe yana ɓoyewa tun ƙuruciya.

Sai maganar firam. In ka kwantar da haɓa a kan sanda, ta saman gilashi kake leƙe, ba ta tsakiyarsa ba. Dennis Taylor, ɗan Arewacin Ireland da ya ci kofin duniya na sunuka a 1985 bayan ya doke Steve Davis da baƙin ƙwallon ƙarshe, da manyan tabarau masu tsawo ta sama ya buga, kamar an kifa su. Ka nemi firam mai faɗi wanda ke hawa har gira, wanda ba ya zamowa kan hanci in gumi ya zo.

Tambaya: Mahaifinmu yana da shekara 64, a Daura muke. Yakan ɗan buga da abokansa bayan sallar isha'i. Yanzu yana cewa fitilar saman tebur tana kashe masa ido, kuma yana rikita shuɗin ƙwallo da kore. Abin mamaki ya ajiye gilashin karatunsa, wai idonsa ya dawo. Wani ya ce mu kai shi wurin mai maganin gargajiya da ke kawar da yanar ido da allura.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ku tafi. Alamun da ka lissafa sun yi kama da yanar ido. Madubin nan da na ambata ne yake dusashewa ya yi ruwan ɗorawa, sai haske ya riƙa tarwatsewa a ciki, launin shuɗi kuma ya fara ɓacewa. Ajiye gilashin karatu ba warkewa ba ne. Wani nau'in yana yakan gyara ganin kusa na ɗan lokaci, yana ɓata na nesa.

Don Allah kada ku kai Baba wurin mai allura. Abin da yake yi shi ne ya tura madubin ya faɗa can cikin ido. Haske zai shigo a ranar, a yi ta murna, amma ido ya rasa abin da ke tattara masa hoto, ga kumburi, ga ƙwayoyin cuta, ga hauhawar matsin ido da kan biyo baya. Idanun da suka lalace ta wannan hanya sun fi ba ni takaici, domin cutar asali tana da magani. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yana ce kan gaba wajen makantar da mutane, alhali aikinta a asibiti bai cika wuce rabin awa ba: a cire madubin da ya dusashe, a sa na roba mai tsabta. Ba sai an jira ta nuna ta yi fari fat ba. In ta fara hana mutum harkokinsa, lokaci ya yi. Ku zo da shi sashen ido a Katsina a duba.

Tambaya: Ni ɗan shekara 52 ne daga Sabuwar Unguwa. Rannan na rufe ido ɗaya don in saita, sai na ga ɗayan ba ya ganin ƙwallayen da ke gefe, sai na tsakiya. Ba ciwo, ba ja. Yayana ya makance yana da shekara 60. Ko tsufa ne?

Amsa: Alhaji, wasiƙarka ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ina roƙonka kada makon nan ya ƙare ba ka je asibiti ba. Tsufa kaɗai ba ya cinye gefen gani. Abin da nake tsoro shi ne gilakoma, wadda mutane ke kira hawan jinin ido, duk da cewa ba jini ba ne ke hawa. Ruwa ne da ido ke samarwa kullum, hanyar fitarsa ta cushe, matsi ya taru ya riƙa kashe jijiyar gani a hankali. Daga gefe take farawa, ba ta ciwo, ɗaya idon kuma yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ta fi kama baƙar fata, tana kama mu da wuri, tana kuma bin dangi. Binciken da na ambata ya sa ta a matsayi na biyu bayan yana.

Bambancinsu shi ne abin da yana ta ɗauke ana dawo da shi, abin da gilakoma ta ci ya tafi. Abin da ya rage muke karewa, da maganin ɗigawa kullum, ko hasken lesa, ko tiyata. Za a auna matsin idonka, wanda a yawancin mutane yake tsakanin 10 da 21, amma lambar kaɗai ba ta isa ba, sai an leƙa jijiyar an kuma gwada faɗin ganinka. In an ba ka magani, ba a dainawa don an ji sauƙi. Ka tafi da ƙannenka da manyan 'ya'yanka su ma a duba su. In akwai buƙatar turawa gaba, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Ga sauran masu karatu da suka haura 40: ku rufe ido ɗaya da tafin hannu ku kalli kalandar bango, sannan ku sauya. Wannan ba ya maye gurbin awo, amma yana tona abin da ido biyu ke ɓoyewa.

Tambaya: Ina da ciwon suga. In hunturu ya shigo idona yana ƙaiƙayi da ja a wurin wasa, sai in sayi maganin ɗigawa a kemis, nan take ya lafa. Akwai laifi?

Amsa: Akwai, Malam. Ƙurar hunturu, hayaƙin sigari da na janareta, da ƙura wa ƙwallo ido ba ƙiftawa, duk suna busar da ido. Amma ka duba kwalin maganin. In ka ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, ka kawo shi wurin likita kafin ka ci gaba, domin daɗewa ana ɗiga su yana ɗaga matsin ido yana kuma jawo yanar ido. Ɗigon hawayen roba ya wadatar ga bushewa. Tun da kana da suga, in ka ga gani na canzawa yau garau gobe hazo, sukarin ne ke hawa da sauka, kada ka yanka sabon gilashi sai ya daidaita. Kuma sau ɗaya a shekara a ɗiga maka maganin buɗe ido a duba bayansa, ko da kana gani ras.