Amsa ga ɗan Yayata mai son zuwa Jamus ya yi waƙar opera

Ɗana,

Na saurari waƙar da ka naɗa ka turo mini ta WhatsApp, na kuma ji saƙon Yaya cewa in nema maka gurbin karatu a nan Jamus, tunda a cewarta Allah ya ba ka murya irin tawa. Kai ne mutum na huɗu da ya kawo mini wannan buƙata a bana, amma da yake kai jinina ne, ba zan sallame ka da “Allah ya sa a dace” kamar yadda na sallami sauran ba.

Muryarka bariton ce, wato muryar namiji ta tsakiya, wadda ba ta hau sama kamar teno ba, ba ta kuma nutse ƙasa kamar bas ba. Kada ka yi saurin murna, domin ita ce muryar da yawancin maza suke da ita, kuma duk gwajin murya da za ka je za ka tarar da layin masu irinta daga Koriya ta Kudu da Amurka da gabashin Turai, waɗanda suka iya karanta rubutun kiɗa tun suna firamare. Abin da ka naɗa a situdiyo, makirfo a bakinka, kwamfuta tana gyara maka inda ka kauce, ba shi ake nema ba. A dandalin opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, babu makirfo. Daga kai sai ƙirjinka, ga makaɗa wajen sittin a cikin rami a gabanka, kuma dole ne na kujerar ƙarshe ya ji kowane harafi.

Jamus tana da manyan makarantun kiɗa na gwamnati guda 24, kuma gaskiya ne yawancinsu ba sa karɓar kuɗin makaranta, in ban da irin na jihar Baden-Württemberg, inda tun 2017 ake karɓar yuro 1,500 kowane zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba. Sai dai ba a shiga da takarda ko da sanayya. Za ka tsaya gaban malamai ka yi waƙa da Italiyanci da Jamusanci, ka kaɗa piyano, a gwada kunnenka. Kafin a ba ka biza kuma sai ka zuba kuɗin zaman shekara a asusun da ake kullewa, wanda aka mayar yuro 11,904 a 2024. Ka juya shi zuwa naira da kanka, sannan ka nuna wa Yaya.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ke biye. Ƙasar tana da gidajen opera kusan tamanin masu mawaƙa na dindindin, shi ya sa kowa yake tururuwa nan, amma kalmar dindindin ɗin ruɗi ce, domin kwantiragin shekara ɗaya ne ko biyu. Idan ba a son ka, sai a sanar da kai kafin 31 ga Oktoba cewa da ƙarewar kakar wasa ka gama. Ni na yi shekara shida a wani gidan opera na ƙaramin gari, na fito a matsayin Papageno, mai kamun tsuntsaye a wata operar Mozart, har na daina ƙirga, na maye gurbin marasa lafiya da sanarwar kwana ɗaya, ban taɓa fashi ba. Aka naɗa sabon shugaba, ya kira ni ofis, ya yi mini magana ta minti goma a kan “dalilan fasaha”, alhali bai taɓa jin na buɗe baki a dandali ba. Mutanensa kawai yake son kawowa. A lokacin 'yata ta shiga firamare, kuma izinin zamana yana rataye da aikin. Na yi shekara biyu a cikin 'yan amshi, aikin da a da nake rainawa, sai ga shi ya fi na jagaba tabbas, kuma shi ya ciyar da gidana.

Bariton kuma sai da haƙuri, domin muryar ba ta nuna da wuri. Manyan matsayin wasa da Verdi, marubucin opera ɗan Italiya, ya rubuta mana, irin su Rigoletto da Germont, uban da ke cikin La traviata, idan ka taɓa su kana ɗan shekara ashirin da biyar za ka fasa maƙogwaronka. Sai da na wuce arba'in aka ba ni Rigoletto, a gari mai gidan opera ɗaya tilo, kuma ban ɓoye maka ba, da labule ya sauka na zubar da hawaye.

Akwai abin da babu wanda ya gaya mini kafin in taso. Kuɗin da bariton yake samu ban da na opera yawancinsa a coci ne, domin a can ake rera ayyukan Bach, Bajamushe marubucin kiɗan coci, lokacin Ista da Kirsimeti, kuma kai Musulmi ne, don haka ka yanke shawara tun kana gida, ba ranar da kuɗin haya ya matsa maka ba. Azumi ma idan ya faɗo a watan Yuni yana kaiwa awa goma sha takwas, ga gwaji safe da yamma, maƙogwaro a bushe. Sannan ka shirya jin ana cewa ka haye teku ka zama maroƙi. Ni a bakin dangi na fara jin ta, waɗanda yanzu suke turo mini 'ya'yansu.

Idan har yanzu kana kan bakanka, ka fara zuwa Legas, ka nemi shiga makarantar kiɗa ta MUSON, ka koyi rubutun kiɗa da piyano, ka yi rajistar Jamusanci a cibiyar Goethe. Bayan shekara ɗaya ka tsaya a ɗaki, ka ajiye wayar taku biyar daga gabanka, ka rera waƙar Schubert, marubucin waƙoƙin Jamusanci, guda ɗaya ba tare da gyaran kwamfuta ba, ka turo mini. Sai na ji wannan zan kai ta ga tsohon malamina. Ka gaida Yaya.

Kawunka