Tambaya da Amsa: Jitar Baritan da Kiɗan Rok Mai Kaurin Murya

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata huɗu ina kaɗa jitar lantarki ƙirar Stratocaster, kuma a 'yan watannin nan ƙungiyarmu ta koma kiɗan rok mai nauyi, irin wanda ake sassauta tsirkiya domin murya ta yi kauri. Da na sauke babbar tsirkiyata daga muryar E zuwa ta B, sai ta yi sako-sako, tana dukan ƙarafan wuya, sautin kuma ya cakuɗe. Wani abokina ya ce babu mafita sai na sayi jitar baritan. Mece ce ita, kuma da gaske ita ce maganin matsalata? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya same ka ba laifin jitarka ba ne, kuma ba laifin hannunka ba ne, ɗabi'ar tsirkiya ce. Abubuwa uku ne suke tsayar da muryar kowace tsirkiya: tsawonta, kaurinta, da ƙarfin da aka ɗaure ta da shi. Masanin nan na ƙasar Faransa, Marin Mersenne, ya rubuta ƙa'idar a shekarar 1636, amma duk mai gurmi ko garaya ya san ta da hannunsa, domin ya ga yadda babbar garaya take yin murya mai kauri fiye da ƙarama. Kai abu ɗaya ka taɓa cikin ukun, wato ɗauri, ka bar sauran biyun yadda suke, shi ya sa tsirkiyar ta kwanta.

Ga lissafin abin. Babbar tsirkiyar jita, idan aka saita ta a E, tana girgiza kusan sau 82 a cikin daƙiƙa ɗaya, idan kuma aka sauke ta zuwa B, wato gaɓa biyar ƙasa (gaɓa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a wuyan jita), sai ta koma kusan sau 62. Ƙarfin ɗauri ba ya raguwa daidai da raguwar murya, ya fi ta saurin faɗuwa, har ta kai ga tsirkiyar taka a yanzu tana riƙe da kashi 56 cikin ɗari kawai na ƙarfin da take da shi a da. Kusan rabin tsaurinta ya tafi. Ka jona na'urar saiti, ka daki tsirkiyar da ƙarfi, ka zuba wa allurar ido: za ka ga ta yi tsalle ta wuce tsakiya, sannan ta riƙa dawowa a hankali yayin da sautin yake mutuwa. Abin da ke faruwa shi ne, tsirkiya mai saki tana yin lilo mai faɗi, lilon yana miƙe ta, miƙewar kuma tana ɗaga murya a daidai lokacin da aka dake ta. A kiɗan rok mai sauri, inda duka yake bin duka babu hutu, kunne ba ya samun jin muryar da ta zauna, wadda ta karkace kawai yake ji.

Jitar baritan jita ce mai tsirkiya shida kamar taka, sai dai an tsawaita mata wuya. Ana auna tsawon daga matashin da tsirkiyoyi suke hawa a saman wuya zuwa jakin da suke sauka a kai a jikin jitar. Stratocaster da Telecaster na kamfanin Fender inci 25.5 ne, Les Paul ta kamfanin Gibson inci 24.75, jitar bes ta yau da kullum inci 34, ita kuwa baritan tana tsakanin inci 27 da inci 30. Saitin da aka fi yi mata shi ne B, E, A, D, F#, B. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar ta ita ce ka ɗauka an ƙara wa jitarka gaɓoɓi ta wajen kai: inci 27 daidai yake da ƙarin gaɓa ɗaya, inci 28 da 'yan kai, wato 28.6, ƙarin gaɓa biyu ne.

A nan ne nake so ka natsu, domin a nan masu sayarwa suke wuce gona da iri. Tsawo shi kaɗai ba ya mayar da duk ƙarfin da aka rasa. Inci 27 yana ƙara kashi 12 cikin ɗari ne kawai a kan inci 25.5, inci 28 kusan kashi 21, inci 30 kuma kusan kashi 38, ragowar giɓin sai kaurin tsirkiya ya cike shi. Ana auna kaurin da kashi dubu na inci, kuma jitar da ta fito daga shago yawanci tana ɗauke da mai lamba 10 zuwa 46, wato daga mafi siranta zuwa mafi kauri, ko wadda ta fi ta siranta. Idan kana son tsirkiyar B ta yi tsaurin da mai lamba 46 take yi a E, a jitarka kana buƙatar kusan lamba 62, a wuya mai inci 27 kusan 58, a mai inci 30 kuwa 52 ma ta wadatar. Amfanin baritan ke nan na haƙiƙa. Tsirkiya gajera mai kauri tana taurara, tana soma ɗabi'ar sandar ƙarfe, ƙananan muryoyin da suke rakiyar babbar muryarta suna ɗan ɗagawa daga inda ya kamata su zauna, sai sautin ya dushe. Doguwa mai matsakaicin kauri kuwa tana fitar da wannan muryar ta ƙasa tangaran, har mai sauraro ya iya rarrabe tsirkiya da tsirkiya ko da an danna uku a haɗe. Tsabtar sauti ake saya da dogon wuya, shi kaurin murya kowace jita za ta iya ba ka.

Tarihin abin ma ya nuna cewa ba don rok mai nauyi aka ƙirƙiro ta ba. Kamfanin Danelectro na jihar New Jersey a Amurka ne ya fito da irin wannan doguwar jita a shekarun 1950, kuma masu kiɗan kantiri a birnin Nashville suka rungume ta, suna bin sahun babban bes na katako da ita domin kowane duka ya fito sarai a faifai. Makaɗin jita na Amurka Duane Eddy ya yi amfani da ita, Fender kuma ya biyo da Bass VI mai inci 30 a 1961. Shi sauke saiti a rok ta wata hanya dabam ya shigo. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath a birnin Birmingham ya rasa kan yatsu biyu na hannun dama a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, kuma da yake bahago ne, da wannan hannun yake danna tsirkiya. A faifan ƙungiyar na uku, a 1971, ya sauke jitarsa gaɓa uku zuwa C#, a kan gajeren wuyan Gibson SG da siraran tsirkiyoyi, domin yatsun su sami sauƙi. Shi sakin yake nema, ya kuma daidaita dukansa da shi. Daga baya, a shekarun 1990, da ƙungiyoyi suka riƙa gangarawa zuwa B da A, sai buƙatar dogon wuya ta taso, har a shekarun 2000 kamfanoni irin su Ibanez da PRS suka ƙera wa Mike Mushok na ƙungiyar Staind baritan mai ɗauke da sunansa.

Shawarata ta rabu gida biyu. Idan iyakar saukarku D ce, ko C#, ko C, kada ka kashe kuɗinka: sayi tsirkiyoyi masu lamba 11 zuwa 54 ko 12 zuwa 56, ka kai jitar wurin mai gyaran da ya san aikinsa. Zai faɗaɗa ramukan matashi domin tsirkiya ta zauna ba tare da ta maƙale ba, ya daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuya, ya ja jakin babbar tsirkiya baya har muryar gaɓa ta 12 ta dace da ta tsirkiyar da ba a danna ba. B ita ce kan iyaka, kuma akwai ƙungiyoyin da suka yi suna da ita a kan wuya na yau da kullum, don haka ka fara gwada saitin tsirkiya mai lamba 13 zuwa 62 kafin komai. Amma idan B ce za ta zama gidanku na dindindin, ko kuna da niyyar sauka zuwa A mai girgiza sau 55, to abokinka ya yi gaskiya. A cikin masu sauƙin kuɗi akwai Telecaster baritan ta Squier mai inci 27, da PRS SE 277 mai inci 27.7, da Gretsch G5260 mai inci 29.75. Ga wanda ya saba da Stratocaster, ni inci 27 zuwa 28 na fi so, domin hannu yana sabawa da shi cikin 'yan kwanaki. Duk wadda ka saya, ka haɗa da saitin tsirkiya biyu ko uku na ajiya, saboda ba kowane shago yake ajiye irinsu ba, sannan ka duba miƙewar wuyan da shigar hunturu da kuma faɗuwar damina, domin katako yana motsi da bushewar iska da laimarta.

Tambaya: Malam, ina tsakanin sayen baritan da sayen jita mai tsirkiya bakwai, tunda dukansu suna kai wa B. Wacce ta fi? Yatsuna ba su da tsawo sosai. Daga wata mai karatu a Yamai.

Amsa: Malama, amsar tana ga irin kiɗan da kike yi. Mai tsirkiya bakwai, wadda Ibanez ya yaɗa a 1990 da ƙirar Universe ta makaɗin jita Steve Vai, kuma ƙungiyar Korn ta ƙara mata farin jini daga 1994, jita ce ta yau da kullum da aka ƙara wa tsirkiyar B a ƙasa. Ba ki rasa komai a sama ba, amma wuyan ya fi faɗi, akwai ƙarin tsirkiyar da za ki koyi toshewa da tafin hannu, kuma da yawansu inci 25.5 ne, don haka matsalar sakin da na bayyana wa ɗan'uwanmu na Jos tana nan. Baritan kuwa tsarin yatsun da kika riga kika sani shi za ki ci gaba da yi, sai dai abin da kika danna a matsayin E zai fito a B, kuma kin sallama gaɓa biyar na siririyar murya a can sama. Idan ke ce mai jan kiɗa da zaƙin sama, ɗauki mai bakwai, idan kuma aikinki riƙe gindin kiɗa ne, baritan ta fi.

Game da yatsu, bambancin bai kai yadda ake tsoro ba. Gaɓar farko a wuya mai inci 25.5 tana da kusan milimita 36, a mai inci 27 kusan 38 da rabi, sai a mai inci 30 ne take kusantar 43, kuma a nan ne ƙaramin yatsa yake soma gajiya. Ki riƙe jitar a tsaye da maratayinta kafin ki biya, domin dogon wuya yana tura gaɓar farko nesa da kafaɗa, wasu jitocin kuma kansu yana rinjaya ƙasa.

Tambaya: Ni mai kaɗa bes ne. Tun da mai jitarmu ya koma baritan, ba a jin kiɗana, komai ya zama gunji ɗaya. Me za mu yi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wannan tambaya ta yi mini daɗi, ɗan'uwa, domin mai sayen baritan ba kasafai yake tunawa da mai bes ba sai ranar gwaji. A saiti na yau da kullum, babbar tsirkiyarka tana girgiza sau 41, tasa sau 82, wato kana ƙarƙashinsa da cikakken zango na gaɓa 12, kowa da filinsa. Yanzu da ya sauko sau 62, ya shigo gonarka: B ɗinsa ita ce ainihin muryar da kake samu a gaɓa ta biyu ta tsirkiyarka ta A, kuma bes mai tsirkiya huɗu ba shi da wata B a ƙasa da wannan. Mafita ta farko ita ce bes mai tsirkiya biyar, wanda B ɗinsa take girgiza kusan sau 31, ko kuma ka ɗaura wa naka tsirkiyoyi huɗu masu kauri na saitin mai biyar, ka saita shi B, E, A, D, bayan mai gyara ya faɗaɗa matashi. Ka tabbata lasifikarka tana iya ɗaukar wannan zurfin, in ba haka ba sai ka ga takardarta tana rawa babu abin da kunne yake kamawa.

Sauran gyaran yana wajen mai jitar, kuma sai ka lallashe shi, domin abin zai yi masa kamar an rage masa ƙarfi. Ya rage maɓallin kaurin sauti a amfilifayarsa, ya ƙara na tsakiya, ya sassauta gurzar sautin, wato kaushin da amfilifaya take sa wa murya, fiye da yadda ya saba, ya kuma yi amfani da maganaɗisun ɗaukar sautin tsirkiya da ke kusa da jaki. Dalili shi ne, muryoyin ƙasa ne suke fara cika amfilifaya idan ana gurza sauti, su ne kuma suke haifar da wannan gunjin da kake kuka da shi. Shi ya sa masu kiɗan metal da yawa suke sa 'yar na'urar nan ta Ibanez mai suna Tube Screamer a gaban amfilifaya, su mayar da maɓallin gurzarta kusan sifili, su ɗaga na ƙara, domin tana tankaɗe muryar ƙasa tun kafin ta shiga. Idan ya kaɗa shi kaɗai zai ji sautin ya rame, amma da zarar ka shigo tare da mai ganga, nauyin zai dawo ta hannunka. Ku ɗauki gwaji ɗaya a waya kafin gyaran, ku ɗauki wani bayansa daga wuri ɗaya a ɗakin, sannan ku zauna ku saurari biyun tare.