Amsa: Zanen bangon gidan ƙasa ba ya fitowa a hoto

Ɗan'uwa, ka ce kana ɗaukar hoton tsofaffin soraye a ƙauyukan Ringim amma zanen jikin bango sai ya baje, ba ya fitowa. Ba laifin wayarka ba ne, lokaci ne. Daina ɗauka da rana tsaka. Ka je da sassafe ko bayan la'asar, ka tsaya rana tana gefenka.

Irin wannan zane tudu-tudu ne magina suka yi da hannu, inuwa ce ke fitar da shi, shi da zankwaye. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri kuwa, haƙura kawai. Sannan ka yi sallama da maigida tukuna, kuma kada kyamararka ta wuce zaure, akwai iyali a ciki.